Ɗan majalisarmu ya ajiye kujera, ana bin gida-gida ana karɓar katin zaɓe: in ba da nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu a nan cikin birnin Kano ya yi murabus, kuma zance ya kasu a unguwa. Wasu sun ce jam'iyyarsa za ta kawo wani ya ƙarasa, wasu sun ce wanda ya zo na biyu za a rantsar. Abin da ya fi tayar min da hankali, wasu samari suna shiga gidaje suna karɓar katin zaɓen mata, wai sai an sabunta shi kafin zaɓen cike gurbi, har da alkawarin tallafi. Surukata da maƙwabciyata sun riga sun bayar. Nawa yana hannuna. Yaya zan yi? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bayar, kuma yau ɗin nan ki taimaka wa surukarki da maƙwabciyarki su karɓo nasu.

Zancen gadon kujera ba shi da tushe. Jam'iyya tana iya sauya ɗan takara ne idan ya rasu ko ya janye kafin zaɓe. Da zarar an rantsar da mutum, ba ta da ikon ɗora wani a gurbinsa, gwamna ma ba shi da shi. Wanda ya zo na biyu kuwa ba ya hawa sai in kotun zaɓe ce ta ce shi ne ya ci tun farko. Murabus kansa yana da ƙa'ida: sashe na 306 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a rubuce ake yinsa zuwa ga Kakakin Majalisa, kuma yana fara aiki ne daga lokacin da takardar ta isa. Sanarwa a rediyo ko Facebook ba ta wadatar ba. Daga nan Kakaki zai sanar da INEC, ita ce mai shirya zaɓen, ba hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ba, wadda huruminta zaɓen ƙananan hukumomi ne kawai. Wanda ya ci zai ƙarasa ragowar wa'adin ne, ba sabbin shekaru huɗu zai fara ba.

Yaushe za a yi? Sashe na 116 ya ce cikin kwana 30 daga faɗuwar kujera, muddin saura fiye da kwana 90 wa'adin majalisa ya ƙare. A takarda ke nan. Ɗan majalisar Bagwai da Shanono ya rasu a watan Afrilun 2024, amma sai ranar 16 ga Agustan 2025 aka cike gurbinsa. Fiye da shekara guda ƙananan hukumomi biyu ba su da bakin magana a majalisa mai kujeru 40, an yi kasafin kuɗi ba da su ba. Wannan sakaci ne, ko da wace irin hujja aka kafa. Kuma wannan dogon jiran shi ne ke ba masu karɓar kati fili.

Yanzu ga abin da ya kawo ki. Katin zaɓe ba ya tsufa. Babu ranar ƙarewa a jikinsa, babu wani sabuntawa da ake yi masa don zaɓen cike gurbi, kuma INEC ba ta aika kowa zaure ko tsakar gida ya tattara katuna. Rajistar da aka yi zaɓen da ya gabata da ita, da ita za a yi wannan, a rumfar da kika saba zuwa. Duk wanda ya ce miki ba haka ba, ko bai sani ba ko yana sane yake yi miki ƙarya, kuma na biyun ya fi yawa.

Mata da yawa suna cewa, "To ai ko sun karɓa ba za su iya zaɓe da shi ba, mene ne abin damuwa?" Rabin maganar gaskiya ce. Na'urar BVAS tana tantance mai kati da yatsansa ko fuskarsa, don haka katinki a hannun wata ba zai wuce ba. Masu karɓar sun fi ki sanin haka. Ba ƙuri'arki suke son kaɗawa ba, so suke ke ki kasa kaɗawa. A zaɓen 2023 da na cike gurbin 2025 ƙa'idar guda ce: ba kati, ba ƙuri'a. Ki lura da layukan da suke shiga, za ki ga galibi inda ake zaton abokin hamayyar ubangidansu ya fi ƙarfi ne. Zaɓen ɗan majalisar jiha rinjaye kawai ake nema, ko da ƙuri'a ɗaya ce, ba a neman kaso a ƙananan hukumomi kamar na gwamna. Ga shi zaɓen cike gurbi mutane ba sa fitowa sosai. Katuna ɗari biyu ko uku da aka kulle a akwatin wani har magariba ta yi suna iya sauya wanda zai wakilci mazaɓa gaba ɗaya.

Wasu kuma riƙewa suke yi sai safiyar zaɓe, su miƙo miki a bakin layi tare da 'yan kuɗi da sunan wanda za ki dangwala wa. In kuma aka yi gangancin cusa ƙuri'u da sunan masu katunan, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un rumfa suka zarce adadin da na'ura ta tantance, a soke rumfar baki ɗaya. Wato har waɗanda suka sha rana a layi da gaskiyarsu sun yi asara. Idan rumfunan da aka soke suka isa su sauya sakamako, sai a ce zaɓe bai kammala ba. Kanawa ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, sun ga abin da ya faru da mazaɓar Gama a zaɓen gwamna na 2019.

Ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa dokar ba mai karɓa kaɗai ta kama ba. Sashe na 22 na wannan doka ya haramta riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba, da sayensa, da sayar da shi, da hukuncin tarar da a lokacin ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka biyun. Wadda ta miƙa kati ta karɓi kuɗi, sayarwa ta yi, ko da an kira shi tallafi. Abin takaici ne a ce ana amfani da halin matsin da gidaje ke ciki ana raba tsofaffi da zawarawa da haƙƙinsu, kuma masu yin hakan 'ya'yan unguwa ne da ake sallah sahu ɗaya da su. Su ji tsoron Allah.

Kada ku je karɓowa ku kaɗai. Maigida ko wani babba a gidan ya kai maganar wurin mai unguwa, a kira yaran a gabansa. In sun ƙi, a kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankinku da ofishin INEC na ƙaramar hukumarku. Kada ku ce a bar musu za ku yi sabo: kati ba a buga shi nan take, kuma dokar 2022 ta tsayar da rajista kwana 90 kafin zaɓe. Hotonsa ko lambar da ke jikinsa ma kada ki ba kowa.

Ranar zaɓe rumfa tana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, duk wadda take kan layi kafin 2:30 na rana sai ta kaɗa. Masu rajista a wannan mazaɓa kaɗai ke da ƙuri'a. Wadda ke aure a Dala amma katinta na Fagge ne, ba ta cikin zaɓen Dala. In da hali ki tsaya a ƙirga a gabanki, a rubuta a takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da na'ura. Ƙarar zaɓe ɗan takara ko jam'iyya ne ke shigar da ita, cikin kwana 21 da bayyana sakamako, don haka in kin ga ba daidai ba, wakilin jam'iyya da jami'in rumfa za ki gaya wa a nan take, kafin a tashi daga wurin.