Kada ka sayar da wayarka tukuna

Jiya muna rufe sutudiyo ka tare ni da tambaya, wai ko ka sayar da wayarka, ka haɗa da 'yan kuɗin da ka tara ka sayi injin kiɗa na gaske, tunda manhajar da kake aiki da ita busasshen sauti take ba ka. Gajiya ta hana ni amsa maka a lokacin. To yarona, kada ka sayar.

Sau uku na saurari kiɗan da ka turo min, kuma wayar ba ta da laifi. Kai ne ka ɗauko tafiyar kalangu ka cusa ta cikin gidaje 16. Gidajen nan da kake gani a jere a manhajarka gadonsu aka yi daga tsofaffin injina irin su TR-808, wanda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, kuma lissafinsu huɗu-huɗu ne. Shi kuwa kiɗan da mata ke cashewa da shi a gidan biki, da yawansa uku-uku yake tafiya. Ka tafa hannu kana ƙirgawa, za ka ji da kanka. Saboda haka ka rage gidajen su koma 12, ka ajiye babbar ganga a na 1, na 4, na 7 da na 10, sauran bugun ka saƙa su a tsakani. Rabin bushewar nan da kake kuka da ita a nan za ta tafi.

Ita ma 808 ɗin da kowa ke kiran sunanta yau, ai kwantai ta yi a kasuwa. Masu kiɗa cewa suka yi ba ta yi kama da ganga ba, don ba a ɗauki sautin fata an zuba mata ba, da lantarki take ƙirƙirar nata. Kimanin guda 12,000 aka ƙera, aka daina a 1983. Da ta faɗo gwanjo ta yi araha, sai samarin Amurka marasa kuɗin shiga manyan sutudiyo suka kwashe ta, suka gina kiɗan hip-hop a kan rugugin nan nata. Wannan rugugin yana cikin wayarka yanzu haka, kyauta.

Ban ce inji ba shi da abin da ya fi waya ba. Yana da shi, kuma a yatsa yake. Akwai MPC60 ta kamfanin Akai da ta fito a 1988, wadda Roger Linn ya sa hannu wajen tsara ta, tana da mabuga na roba guda 16 masu gane ƙarfin bugu: ka taɓa a hankali ta yi raɗa, ka maka mata ta yi tsawa. Gilashin waya bai san wannan ba. Ga kuma ɗan jinkirin nan tsakanin taɓawa da fitar sauti, wanda ke ƙaruwa idan ka liƙa abin kunne na Bluetooth (cire shi, ka nemi mai igiya). Amma ana gyara wannan da haƙuri. Bi bugun ɗaya bayan ɗaya, ka rage wa wannan ƙarfi, ka ƙara wa wancan, kada ka bar guda biyu a jere da nauyi iri ɗaya. Babu makaɗin da hannunsa ke sauka haka.

Kalangu kuwa, ka daina neman sa a cikin manhaja. Mun yi shekaru muna kwaikwayonsa da gangunan Turawa da ke cikin fiyanon Yamaha PSR muna haɗa nanaye, kunne ya saba ne kawai. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiyarsa a hammata, murya ta hau, ya saki ta sauka, wani lokacin ma a tsakiyar bugu ɗaya. Nemi makaɗi na gaske, ka ba shi hakkinsa tun kafin ya saɓa gangar, ka shigar da shi ɗaki marar amsa-kuwwa. Ɗauki bugu sake, ɗauki matsattse, ɗauki mai hawa da mai sauka, kowanne sau da yawa, sannan ka yayyanka ka jera. Ka kuma roƙe shi ya yi minti biyu yana kaɗawa yadda ya ga dama. Galibi a nan ake tsintar abin da ya fi daɗi.

In ka ƙware, kuɗin kuma suka taru, fara da ɗan faifan mabuga da ake jonawa da kwamfuta, ka haɗa shi da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Kuma duk abin da za ka saya na hannu, juya bayansa ka karanta. Injina na farko daga Amurka ya zo, wutar 120 yake sha, tamu kuwa ta haura 200. Zumuɗi ya sa na jona shi kai tsaye. Ko bugu ɗaya bai yi min ba, sai ƙauri da ɗan hayaƙi, ga maigidana a tsaye ya zuba min ido, bai ce uffan ba.

Gobe ka zo da wuri da kiɗan nan a gidaje 12. Ka biyo mana da man janareta, akwai mai waƙar biki ƙarfe goma.