Ga 'yar'uwar da za ta kai mahaifiyarta Istanbul

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na iya amsawa, domin abin da kika rubuta tamkar daga bakina aka ɗauko shi. Kin ce za ki kai Hajiyarku Istanbul na kwana huɗu, tana fama da ciwon gwiwa, kin jera wurare goma sha biyu da kike son ku gani, kuma kina tambaya ko ku nemi ɗan jagora idan kun sauka ko ku yi ta kanku. Da irin wannan takarda na tafi da tawa mahaifiyar, kwana huɗun nan cif, kuma har yau idan na tuna yadda tafiyar ta ƙare sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Kafin komai, ki zauna da Hajiya ki tambaye ta wuri ɗaya da ta fi son gani, ki kai ta can da safiyar ranar farko tun gwiwarta ba ta gaji ba. Tawa abu guda ta roƙe ni tun muna cikin jirgi, wato ɗakin amanoni masu tsarki da ke fadar Topkapi, inda aka ajiye alkyabbar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubba da baka da ake jingina masa, da takubban manyan Sahabbai. Sultan Salim na ɗaya ne ya fara tara su a can bayan ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. Ni kuwa da wayona sai na ce a bar mafi daɗi zuwa ƙarshe.

Mun sauka daren Asabar. Ranar Lahadi na ja ta zuwa babbar kasuwar nan mai rufi da suke kira Kapali Carshi, mai shaguna kusan 4,000, muka tarar da ƙofofinta a garƙame, domin ba a buɗe ta ran Lahadi. Maimakon in haƙura, sai na ce mu ƙetara gadar Galata mu hau zuwa hasumiyar da mutanen Jenowa ta Italiya suka gina a 1348. A taswira wurin kamar nan da can ne, amma taswira ba ta nuna hawa, kuma tsohon birnin kansa a kan tuddai bakwai yake zaune, hanyoyinsa daɓen duwatsu ne masu santsi. Kafin magariba gwiwarta ta kumbura, na kwana ina gasa mata da ruwan zafi.

Saboda haka ranar Litinin ba mu fito da wuri ba. Mun sauka daga tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, a tashar Sultanahmet hantsi ya riga ya dubi ludayi, muna tafiya a hankali tana dafe da kafaɗata, sai wani mutum mai furfura, sanye da kwat mai tsabta da carbi a hannu, ya tare mu da sallama cikin Larabci mai daɗi. Ya kira ta Hajja, ya dafa ƙirji, ya tambayi inda za mu. Da na ce Topkapi sai ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai sun rufe sayar da tikiti sai bayan azahar, bai kamata dattijuwa ta tsaya cikin wannan sanyi ba, mu zo shagon ɗan'uwansa mu sha shayi, idan lokaci ya yi shi da kansa zai shigar da mu ba tare da bin layi ba. Wallahi ƙarya yake yi, ba a rufe komai da rana, amma baƙo makahon gari ne, kuma mahaifiyata tana jin Larabcin nan ta saki jiki da shi tana sa masa albarka.

Ya ratsa da mu ta lunguna muna gangarawa, har muka shiga wani shagon kafet da ake sauka cikinsa ta matakala. Aka kawo shayi cikin 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, aka sake kawowa, sannan wani saurayi ya fara warware dardumai yana shimfiɗawa a gabanta ɗaya bisa ɗaya, yana juya kowace domin ta ga yadda launinta yake sauyawa a haske. Duk sanda na miƙe sai a ce saura ɗaya, wani kuma yana tsaye a bakin matakalar yana murmushi. Ba wanda ya taɓa mu, ba wanda ya ɗaga mana murya, kunya kawai suka ɗaure mu da ita. Hajiya ta raɗa mini cewa mun sha shayin mutane har sau uku, ba ma fita hannu rabbana ba. Na sayi 'yar ƙaramar darduma a kan kuɗin da har yanzu ban faɗa wa kowa ba, kuma ina juyowa na ga mai carbin nan ya sulale, ko ƙurarsa babu. Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Mutumin nan ya ga yadda take ɗingishi, ya ji da kunnensa abin da ya kawo ta daga nesa, ya karɓi addu'arta, kuma ya san sarai cewa gobe Talata ce. Na yi ƙoƙarin yafe masa, amma duk lokacin da na tuna yadda ya dafa ƙirji sai abin ya dawo mini sabo.

Muka fito ba mu san hanya ba, ga hawa a gabanmu, tana taku goma tana tsayawa. Muka yi sallah, ta ɗan huta, kafin mu isa an rufe tagar tikiti da gaske, domin lokacin sanyi ne. Na ce mata ba komai, gobe da sassafe. Washegari muka zo babbar ƙofar fadar tun da farar safiya, mai gadi ya nuna mana allo: Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, mu kuwa jirginmu asubahin Laraba ne. Ta zauna kusa da maɓuɓɓugar Sultan Ahmad na uku, wadda aka gina a 1728 a gaban ƙofar, ta daɗe tana kallon katangar, sannan ta ce ba rabonta ba ne. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Dangane da ɗan jagora, amsata ita ce duk wanda ya tare ku a hanya ya fara muku magana, komai kyan sallamarsa, ki gode masa ki wuce. Masu jagora na gaskiya suna da lasisin hukuma, suna rataye da katin shaida mai hoto a wuya, kuma ta masaukinku za ki nemi ɗaya, ku yi ciniki tun kafin ku fita, ki kuma faɗa masa ƙarara cewa ba ku shiga shago. A ganina Topkapi kaɗai ce take buƙatarsa, domin fada ce da sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, tana da farfajiya huɗu, ɗakin amanonin kuma yana cikin ta uku, don haka mai jagora zai kai ku kai tsaye ba tare da Hajiya ta ɓata ƙafarta a ɗakunan girki da na tangaran ba. Fadar Dolmabahce kuma Litinin ce ranar hutunta, ki rubuta wannan kusa da Talata da Lahadin da na ambata.

Takardarki ta wurare goma sha biyu ki rage ta zuwa biyar, kuma ki nemi masauki a Sultanahmet ko Sirkeji wanda yake da lifta, domin ƙananan otal da yawa a can tsofaffin gidaje ne masu matsattsiyar matakala. Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna fuskantar juna, fili ne kawai a tsakani, ana iya haɗa su a yini ɗaya. Aya Sofiya coci ce da Sarki Jastiniyan ya kammala a 537, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da sallah a cikinta a 2020. Tun Janairun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido suna biyan Yuro 25 kuma bene ake kai su, hawan da bai dace da mai ciwon gwiwa ba. Ki kai ta lokacin sallah ta ƙofar masallata, ta zauna a ƙasa ƙarƙashin ƙubbar, wannan ya ishe ta. Masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557, ya fi min kowanne natsuwa, amma a kan tudu yake, kada ku je da ƙafa. Idan kun hau tasi ki tabbata ya kunna mita, kuma ki faɗi adadin takardar Lira da baki kafin ki miƙa, domin akwai masu musanya ta 200 da ta 20 su ce ke kika yi kuskure.

Ki sayi katin Istanbulkart tun a ranar farko, guda ɗaya ya ishe ku ku biyu, da shi ake hawa tiram da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Jirgin fiton nan daga Eminonu zuwa Uskudar shi ne abin da na fi ba ki shawara bayan Topkapi, domin a zaune za ta ƙetara mashigin tekun Bosforus daga Turai zuwa Asiya, tana kallon ƙubbobi da hasumiyoyin birnin a jere ba tare da ta taka ƙasa ba.

Ranar Talatar nan da muka rasa Topkapi, unguwar Ayyub na kai ta, inda kabarin Abu Ayyub Al'ansari yake, Sahabin da ya sauki Manzon Allah a gidansa da ya yi hijira zuwa Madina, ya kuma rasu a bakin ganuwar wannan birni a zamanin Mu'awiya. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa, ta zauna a harabar ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya har la'asar, kuma a nan ne kawai na ga fuskarta ta saki. Kada ki cire shi daga cikin biyar ɗin. Dardumar nan kuwa a kanta take sallah har yau, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ce dai ba na son kallonta. Ki faɗa mini ranar da jirginku zai sauka da ranar da zai tashi, in duba miki inda Talata ta faɗo a cikin kwanakinku. Allah ya kai ku lafiya, ya ba Hajiya sauƙin ƙafar.