Kati ko tsabar kuɗi: wanne matafiyi zai riƙe?

Saƙonni huɗu na zaɓo a wannan makon, dukansu a kan guzurin tafiya ƙasar waje.

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu za ta tafi Umara, wannan ce fitarta ta farko, kuma shekarunta sun haura 60. Ni ina so in zuba mata kuɗi a katin ATM ɗinta don kada su faɗi ko a sace, yayana kuma ya dage sai an canzo mata dala a Wapa ta riƙe a hannu. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga wata baiwar Allah a Kano.

Wa alaikumus salam. Allah ya kai Hajiya lafiya, ya karɓi ibada. Yayanki ya fi ki kusa da gaskiya, 'yar'uwa, amma tsoron da kike ji ma yana kan hanya.

Ki fara ɗauko katin ki duba fuskarsa. Idan babu tambarin Visa ko Mastercard a jiki, ki ɗauka katin gida ne, kada a dogara da shi a Saudiyya. Idan akwai tambarin ma, ba a gama ba. A 2022 bankunan Najeriya da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, wasu har zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya saboda ƙarancin dala. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da iyakar da ya sa. Don haka ku ɗauki Hajiya ku je bankinta da ƙafa, ku tambaya ko katin a buɗe yake ga ƙasar waje, nawa ne iyakarsa, nawa suke cira duk lokacin da aka zari kuɗi a ATM na can, kuma ku gaya musu ranar tafiya.

Na taɓa tsayawa a bayan wani dattijo a kantin magani a Madina, ya ɗauki maganin tari da na ciwon ƙafa. Ya miƙa kati, na'ura ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Ya ce wallahi da kuɗi a ciki, ɗansa ya zuba jiya. Kuma gaskiya ya faɗa, kuɗin na nan, bankin ne bai buɗe katin ga waje ba. Buɗewar kuma sai an turo wata lamba ta layin wayarsa, layin kuwa ya baro shi a gida a wayar maiɗakinsa. Na ga yadda ya fara mayar da maganin kan kanta a hankali, yana kallon ƙasa. Abin da bai kai riyal 50 ba ya sa babban mutum jin kunya a gaban jama'a. Tun daga ranar ban sake yarda tsoho ya fita da kati kaɗai ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba a rasa wurin amfani da kati a Saudiyya ba, kusan kowane kanti yana da na'ura, ɗora katin kawai ake yi. Amma ki tuna abin da Hajiya za ta kashe kuɗi a kai: ɗan kuɗin mota, mai tura keken guragu idan ƙafa ta gaji a Safa da Marwa, shayi da burodi, sadaka, tsarabar dabino da carbi da jallabiyar jikoki inda ake ciniki. Duk waɗannan kuɗin hannu suka fi so. Ko a Hajjin 2025 an so a mayar da kuɗin guzurin alhazai cikin kati, a ƙarshe Babban Bankin Najeriya ya amince a ba su a hannu, domin da yawa daga cikinsu ba su saba da katin ba.

Lissafin riyal ba shi da wuya, tun 1986 a ɗaure yake da dala: dala ɗaya riyal 3.75. Dala 100 riyal 375 ke nan, 'yan canjin kusa da Harami za su rage ɗan abin da ba a rasa ba. Ku rubuta mata wannan a takarda. Wajen sayen dalar kuma ku nemi sabuwar takardar 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, marar yagewa, marar rubutun biro ko tambari. Tsohuwa mai ƙaramin kai tana ba da wahala a waje, wani ya ƙi karɓa, wani ya karya mata farashi. Ku haɗa mata da riyal kamar 200 ƙanana tun daga gida, saboda kwanan farko.

Tsoronki na sata kuwa maganinsa rabawa. Kaso ɗaya a lalita ko aljihun da aka ɗinka a cikin riga, kaso ɗaya a akwati mai makulli a masauki, na kashewar yini kaɗai a jakar hannu. Kada ta shiga ɗawafi da dukan guzurinta. Katin ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana, kuma don Allah kada a rubuta lambar sirri a bayansa.

Malam, ina sana'ar yadi a Kantin Kwari, zan je Guangzhou karon farko. Abokai sun ce in ɗauki dala kawai. Haka ne?

Alhaji, abokanka sun ba ka labarin da ne. A ƙasar Sin yanzu hatta mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi da waya ake biyansa, ta Alipay ko WeChat Pay. Takardar yuan ba a hana ta ba, amma sau da yawa za ka miƙa a rasa canjin da za a ba ka, katin Visa kuma ƙananan kantuna da yawa ba sa karɓa. Tun 2023 manhajojin biyu suka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin waje. Ka sauke su, ka haɗa katinka, ka tantance da fasfo tun kana Kano inda layinka ke aiki. Abin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, sama da haka ana cire kashi 3 cikin 100. Kada ka ce banki ya riƙa turo maka lambar tabbatarwa ta Gmail, domin a intanet na can Gmail da WhatsApp a toshe suke. Ka tafi da layinka na gida a buɗe don karɓar saƙo.

Wannan duk na abinci da mota ne. Kuɗin kaya kuwa, ni ban ga dalilin ɗaukarsa a jaka ba. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfanin da sunansa ke kan takardar ciniki, ka sami shaida a hannu ko da rigima ta taso. Idan dole sai ka ɗauki tsaba, dokar Najeriya ta ce duk abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan, a shiga Sin kuma abin da ya haura dala 5,000. Bayyanawar ba haraji ba ce, takarda ce za ka cike. Ɓoyewa ce ke jawo a ƙwace kuɗin, har a kai mutum kotu.

Sai abin da na san zai yi maka nauyi: saƙo. Da an ji za ka tafi, wannan zai kawo ambulan a kai wa wane, wancan ma haka. A filin jirgi duk abin da ke jikinka naka ne, da shi za a yi lissafi, kai za a tambaya inda ya fito. Ka ba su haƙuri tun a gida.

Malam, na biya kuɗin otal a Dubai da katin asusuna na dala. Na'urar ta tambaye ni dirhami ko dala, na zaɓi dala. Da na lissafa sai na ga an cire fiye da yadda na zata.

Dirhami ya kamata ka zaɓa, ɗan'uwa. Idan ka zaɓi dala, ka ba kamfanin da ke da na'urar dama ya yi maka canji da farashinsa, wanda yake ɗora riba a kai. Idan ka zaɓi kuɗin ƙasar, Visa ko Mastercard da bankinka ne za su canza, kuma kusan kullum nasu ya fi sauƙi. Dala ɗaya dirhami 3.67 ce, ka raba kuɗin otal ɗin da wannan za ka ga bambancin. Haka za ka yi a ATM, haka a Makka, haka a Alƙahira: kuɗin garin da kake tsaye a ciki. Ka kuma duba ko otal ɗin ya riƙe wani abu a matsayin jingina lokacin da ka shiga. Suna sakinsa bayan ka fita, amma yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya dawo asusunka.

Malam, zan je biki Maraɗi daga Katsina, daga baya in wuce Garwa a Kamaru. Sefa ɗaya za ta ishe ni?

A'a, Hajiya. Sefar Nijar ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru da Chadi ta Afirka ta Tsakiya ce. Darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 a yuro ɗaya, amma takardunsu daban, kuma mai kanti a Garwa ba zai karɓi ta Maraɗi ba, sai kin bi ta hannun ɗan canji ya cire nasa. Ki canzi iya abin da za ki kashe a kowace ƙasa. Nan tsabar kuɗi ce ke aiki, kati sai a manyan otal da ATM na bankuna. Ki nemi ƙananan takardu, domin canjin jika goma, wato sefa 10,000, yana wahala a kasuwa. Kuma idan mai goro a Maraɗi ya ce miki dala ashirin, kada gabanki ya faɗi, ba ta Amurka yake nufi ba. A can dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan, jika ɗaya kuma sefa 1,000.