Kada a ɗaure bawul da kunne: amsoshi ga masu manyan baburan daji

Tun da hazo ya sauka, tambayoyin da ake turo mini suka koma kan manyan baburan nan masu doguwar ƙafa, waɗanda aka ƙera don tafiyar daji, da yadda mutum zai riƙe su a inda kayan gyaransu ba sa zube a kasuwa. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Daga Garwa: "Malam, aikina yana kai ni ƙauyukan Poli kusan kowane mako, rani da damina. An nuna mini babura biyu na hannu, Honda Africa Twin na 2017 da tsohon Suzuki DR650. Zuciyata tana kan Honda. Wanne zan saya?"

Ɗan'uwa, ban ga laifin zuciyarka ba. Africa Twin ɗin nan, wanda ya fito a 2016 da silinda biyu da cc 998, babur ne na gaske, kuma idan hanyarka kwalta ce daga Garwa zuwa Ngaundare da dawowa, shi zan ce ka ɗauka. Amma Poli ka ce, kuma har da damina.

Ka fara da nauyi. Honda ya kai kimanin kilo 230, DR650 kuwa kimanin 166. Ranar da laka ta kayar da kai tsakanin ƙauye da ƙauye, ba kowa sai kai da Allah, wannan bambancin ne zai yi magana. Sai kuma gyara. Littafin Honda ya ce a duba bawul, 'yan ƙofofin da ke shigar da iska cikin inji su fitar da hayaƙi, abin da makanikanmu na nan suke kira sufaf, duk kilomita 24,000. Kafin hannu ya kai wurin sai an kwance robobi, an sauke tanki, an cire akwatin iska, kuma bawul na shan iska idan awonsu ya kauce sai an canza wasu 'yan faya-fayan ƙarfe da ba za ka samu a babbar kasuwar Garwa ba. DR650 silinda ɗaya ne, cc 644, da kafireta, iska da baƙin mai ke sanyaya shi, kuma tun 1996 kusan ba a canza masa komai ba. Bawul ɗinsa huɗu ne, da kusa da noti ake daidaita su, irin tsarin da duk mai gyaran baburan kilando, wato na haya, ya sani. Ana duba su duk kilomita 12,000, wato ya fi yawan neman hannu, amma aikin safiya ɗaya ne a gindin dalbejiya.

Ga aikinka, Suzuki zan ɗauka, in dai yana da lafiya. Ka je ganinsa da sassafe ba tare da ka faɗi lokacin zuwanka ba, ka dafa injin ka tabbatar ba a ɗumama shi ba, sannan a tayar a gabanka. Ka sa a buɗe akwatin iska, a zare matata, ka zura yatsa cikin bututun da ya nufi kafireta. Idan yatsan ya fito da jar ƙura, injin ya daɗe yana cin ƙasa, ka bar musu kayansu komai kyan fentinsa.

Daga Marwa: "Yaya, tsohon Honda Transalp gare ni. Yana wata ƙara kas-kas-kas daga kan inji. Makanike ya ce zai ɗaure sufaf har ƙarar ta ɗauke. Wani aboki kuma ya ce in sayi ma'auni in yi da kaina. Me ka gani?"

Ƙanena, kada ka yarda a ɗaure maka bawul da kunne. A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ɗabi'ar ta kashe injuna masu yawa a garuruwanmu, har da nawa.

Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara da aka bari da gangan, kaurinta bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Idan inji ya yi zafi ƙarfe yana miƙewa, tazarar nan ce ke ba shi wuri. Bawul na fitar hayaƙi yana zaune ne cikin wuta, kuma babbar hanyar da yake sauke zafinsa ita ce ɗan lokacin da ya rufe ya zauna daram a mazauninsa. Idan an ɗaure tazarar ta ƙare, ba zai ƙara zama daidai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin bakinsa. Bawul mai sako-sako yana ƙara, ana ji, a gyara. Wanda ya matse shiru yake yi har ya ƙone. Kuma a yawancin injuna, da tsufa tazarar raguwa take yi, saboda bawul yana ƙara nutsewa cikin mazauninsa, ƙura kuma tana gaggauta hakan.

Shekarun baya na kai babur ɗina wani gareji da irin ƙarar da ka faɗa. Mai gyaran ya ɗaure, ya tayar, inji ya yi tsit, na biya ina murna. Bayan 'yan makonni tayarwa ta fara wuya, yana mutuwa idan na tsaya. Rannan ina hawan dutsen nan da ke tsakanin Mbe da Ngaundare, da kaya a baya, ƙarfi ya zube gaba ɗaya. Da aka buɗe kan injin, bakin bawul ɗin hayaƙi ya gutsure kamar ɓera ya ci, gefen wurin ya yi fari fat saboda wuta. Har yau yana cikin akwatin kayan aikina, ina nuna wa yara masu koyo.

Don haka abokinka ya yi gaskiya, sayi ma'aunin. 'Yan siraran ƙarafa ne a haɗe kamar wuƙar aljihu, kowanne da lambar kaurinsa. A gareji za ka ji ana ce masa fila geji, masu Faransanci su ce kal. Ka nemi mai lambobin milimita wanda ya fara daga 0.05, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Ka kuma nemi littafin gyara na babur ɗinka, na shekararsa, domin lambobin sun bambanta. Misali, na DR650 da muka ambata, shan iska daga 0.08 zuwa 0.13 ne, fitar hayaƙi daga 0.17 zuwa 0.22. Kada ka ari lambar wani babur ka ɗora wa naka.

Awon sai inji ya huce sarai. Littattafan Honda suna cewa ƙasa da digiri 35, mu kuwa a Marwa cikin watan Afrilu ko inuwa tana haura 40 da rana. Saboda haka ka bar shi ya kwana, ka fara bayan sallar asuba. Ka wanke kan injin tun jiya don kada yashi ya faɗa ciki. Ka cire fulogi, ka juya inji da sufana ta inda yake juyawa da kansa, har alamar da ke cikin 'yar tagar gefe ta daidaita, fistin yana can sama a bugun matsa iska. Za ka gane ka dace idan ka kama ƙarafan da ke danna bawul ka ji dukkansu suna ɗan motsi. Idan a ƙame suke, ƙara zagaye ɗaya. Naka silinda biyu ne masu siffar V, kowanne da tasa alamar da bawul uku, sai ka gama da ɗaya ka juya wa ɗayan.

Sai ka zura ganyen ma'aunin. Wanda ya dace yana shiga da ɗan ja kaɗan, kamar kana zare takardar kuɗi daga tsakiyar littafi a rufe. Idan ya wuce salin-alin, akwai sako-sako. Idan sai ka tura da ƙarfi yana lanƙwashewa, ya matse. Ka sassauta noti, ka juya kusa kaɗan, ka riƙe ta kam lokacin da kake mayar da notin, sannan ka sake aunawa, domin ɗaure noti yakan ja kusar ya ɓata abin da ka saita. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

Idan bayan an saita komai bisa littafi ƙarar tana nan, ba bawul ba ne, a duba sarƙar tayimin, wadda ke juya sandar da ke danna bawul, da abin da ke ɗame ta. Makanikenka ma kada ka yar da shi. Ka tafi masa da ma'aunin da lambobin a rubuce, ku yi tare. Da yawansu hannunsu ya fi namu sanin ƙarfe, kayan awon ne ba su saba da su ba.

Daga Njamena: "Ina da Yamaha Ténéré 700, ya yi kilomita 46,000, ba a taɓa buɗe shi ba kuma lafiya lau yake. In ƙyale shi, ko in yi odar cikakken akwatin faya-fayan bawul daga Turai?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ko ɗaya ban zaɓa maka ba. Kamfanin ya sa kilomita 40,000, ka riga ka wuce, kuma a ƙurar Cadi ka yi tafiyar. Lafiyar da kake ji ba hujja ba ce, ka ga abin da na gaya wa na Marwa. Injin nan mai cc 689 an san shi da juriya, sau da yawa akan buɗe a tarar komai yana cikin awo, amma sai an buɗe ake sani.

Akwatin faya-fayan kuwa asarar kuɗi ne ga mai babur ɗaya, yawancin abin da ke ciki ba za ka taɓa amfani da shi ba. A fara aunawa, wannan ba ya buƙatar ɗaga kamshaf, wato sandar da ke danna bawul. Ka zana bawul takwas ɗin a takarda, ka rubuta awon kowanne. Shan iska ana so daga 0.11 zuwa 0.20, fitar hayaƙi daga 0.24 zuwa 0.30. Idan duk suna ciki, a rufe, ka adana takardar don karo na gaba. Idan wani ya kauce, sai a ɗaga kamshaf, a zare kofin da ke kansa, a ga faifan, ɗan abu kamar ƙwayar magani. Lissafin ba wuya. A ce na hayaƙi ya nuna 0.20, faifan da ke ciki kuma 1.85 ne. Ka sa mai 1.80, tazarar ta koma 0.25, ta shiga awo. Wani lokaci ma faifan da ka cire daga wannan bawul shi ne wancan yake nema. Abin da ya rage kaɗai za ka yi oda, tare da sabuwar robar murfin kan inji.

Wannan kashi na biyu ba na koyo da kai ba ne. A toshe ramukan inji da tsumma mai tsabta kafin faifai ya suɓuce ciki, a jera kofunan bi da bi a kwalin ƙwai, a ɗaure sarƙar tayimin da waya don kada ta faɗa ƙasa. Haƙori ɗaya ko biyu idan aka kuskure wajen mayarwa, fistin na iya haɗuwa da bawul. Ka nemi wanda ya taɓa yin irinsa kuma yana da sufana mai awon ƙarfin ɗauri, ka tsaya a kansa.

Daga Kusuri: "Baƙin man mota ya fi araha, zan iya zuba wa babur? Zuwa-zuwa fa?"

A'a, Malam. A yawancin baburan nan kuloci yana wanka ne cikin man inji, man mota na zamani kuma yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi zamewa. Ka duba bayan galan, ka nemi JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci, kuma ka saya inda murfin yake a liƙe. Da zafinmu da ƙurarmu, ni ina juye kafin lokacin da littafi ya faɗa ya cika.

Zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a jarka da kwalba, tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 arahar tasa ta ragu, ruwa da dattin jarka kuma suna nan. Mai kafireta yakan jure, a kwance a wanke. Mai injekta famfonsa yana cikin tanki, idan ya toshe a daji babu dabara. In dole ta sa, ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta a rana, ka tace da mazurari mai raga. Ka kuma sayi matatar iska ta biyu. Ta soso ana wankewa, a shanya, a shafa mata man matata a matse. Ta takarda canzawa ake yi. Daga yanzu har hazo ya ɗauke, ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa duk ranar Juma'a.