Agogon da Ke "Auna Sukari", da Sauran Tambayoyinku

Wani Alhaji daga Jarwal, Makka, ya ce ɗansa mai shekara 15 ya yi alkawarin fara motsa jiki in an saya masa Apple Watch. Ya saya?

Alhaji, riƙe kuɗinka. Wayar da ke aljihunsa tana ƙirga taku, manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ma haka, kuma kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro irinsa na buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum. Ya fara fita bayan Isha'i in gari ya yi sanyi, ya nuna maka lissafin takunsa na wata guda. In ya ɗore, ƙaramin abin ɗaurawa a hannu ya wadatar, ba sai an zubar da riyal dubu ba.

Wata uwa daga Jidda ta rubuto hankalinta a tashe. Ciwon sukari ya kama mijinta da surukarta, ga 'yarta mai shekara 14 tana ta ƙiba. Ta ga tallar agogo a TikTok na riyal 70, wai yana auna sukari ba tare da an huda yatsa ba.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Kin yi daidai da kika sa ido tun yanzu, kuma ƙiba kaɗai ba ta nufin ciwon ya kama ta. Amma wannan agogo, don Allah kada ki saya. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi mutane cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ta kan fata ba. Kamfanonin da ke kashe biliyoyi ba su fito da shi ba, sai na riyal 70? Koren hasken da ke ƙyalli a bayansa bugun jini yake bi, shi ma sai a agogon kirki. Na jabun lambobi kawai yake zubowa. Na taɓa ɗaura irinsa a jikin kokwamba a wani shago, ya ce sukarinta lafiya lau! Mai shagon dariya ya yi, ni ban yi ba. Da asarar kuɗi ce kaɗai da na yi shiru. Abin tsoron shi ne maigidanki ya ɗauka ya gwada, ya ga lamba mai kyau, ya ajiye maganinsa. Mutanenmu kuma sai an ga araha a intanet a rufe ido, ba fatura (wato rasit), ba takardar garanti, alhali dokar ƙasar nan ta ba kayan lantarki garanti na shekara biyu. In an cuce ki, wa za ki kama? Ko lambar ƙorafi ta Ma'aikatar Kasuwanci, 1900, kika kira, fatura za ta fi taimaka miki.

Ki kai yarinyar mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a ɗebi jini a gwada. Na'urar huda yatsa ta gaskiya tana nan a kowace saidaliyya, wato kantin magani. Kuma kada ki sa mata manhajar ƙirga abinci, 'yan mata a wannan shekarun sukan zarce su daina cin abinci gaba ɗaya. Ku riƙa zuwa bakin teku ku biyu, wayar na ƙirga muku.

Wani saurayi yana neman manhajar da za ta rage masa tumbi ba tare da ya bar lemon ƙara kuzari ba.

Yaro, babu ita. Tun 2017 aka ɗora wa lemon nan haraji ɗari bisa ɗari, kai kuma kana ta biya. Sha ruwa.

Wata kaka daga Misfala, Makka, ta ce jikanta yana kan waya har kiran Asuba, ta sayi manhajar kulle waya?

Inna, ba sai kin biya ko halala ba. Family Link na Google kyauta ne, iPhone kuma da nata tsarin a ciki, ki sa babban yayansa ya saita miki. Yaro mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Sai dai yaran yanzu sun fi mu sanin hanyar kauce wa makulli, don haka cajar ta riƙa kwana a ɗakinki, wayar ma ta bi ta.