Tambaya da Amsa: Yadda Ƙungiyar Hoki Ke Ɗorewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina horar da matasa wasan hoki a Jos, amma da zarar gwanayenmu sun tafi sai ƙungiyar ta durƙushe. Me ke sa manyan ƙungiyoyi su ɗore?
Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ko da yake hokin ƙanƙara ya bambanta da na fili, tarihin ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Detroit Red Wings da ke Amurka zai amfane ka, domin ta kai zagayen neman kofi kaka 25 a jere, daga 1991 zuwa 2016, ta kuma ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, a 1997, 1998, 2002 da 2008. Shugabanninta sun baza masu zaƙulo yara har Turai, inda a 1989 suka ɗauki Nicklas Lidström na Suwidin a matsayi na 53 a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin gasar ke yi duk shekara, bayan sauran ƙungiyoyi sun tsallake shi. Steve Yzerman kuwa ya riƙe kyaftin daga 1986 zuwa 2006, sababbin shiga suna koyon ɗa'a a hannunsa, kuma a ganina wannan ya fi komai muhimmanci. Saboda haka ka riƙa zagaya makarantun sakandare, kana renon magada tun gwanayen suna nan.