Burodin ayaba: kafin ki taɓa kuɗin adashinki

Saƙonnin wannan makon kusan duk ƙamshin ayaba suke yi, sai na ware guda huɗu.

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Ni amarya ce, wata biyar da tarewa. Ina ganin ana yin burodin ayaba a waya, ina so in gwada, amma duk masu yi da oben da miksa nake ganinsu. Ƙarshen wata zan kwashi adashi. Oben na lantarki zan saya ko na gas? Daga amarya, Zariya.

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Kuɗin adashin nan kuwa ki ƙulle shi a bakin zane tukuna.

Miksa dai ki manta da ita. Burodin ayaba ba ya son bugu. Idan aka daɗe ana juya fulawa bayan ta jiƙe, danƙo take yi. Danƙon nan shi ake nema a funkaso da gurasa, amma a nan shi ke mayar da burodi kamar roba. Cokali mai yatsu da muciya sun ishe ki. Asalinsa ma abincin tattali ne. A Amurka ya yaɗu, cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikinsu ya durƙushe, matan gida ba sa iya zubar da ayabar da ta wuce ci, ga bekin soda da bakar hoda sun shiga kowane kicin. Sai kuma ya sake tashe a 2020, da kullen korona ya zaunar da mutane a gida suna ɗora hotunansa a intanet. Abin da aka ƙirƙira don kada a yi asarar ayaba uku, ban ga dalilin da zai cinye adashi guda ba.

Ki samo tsohuwar tukunya babba mai kauri, ba ta jeren ɗaki ba, don yashi zai dafar mata da ciki. Ki zuba yashi wankakke busasshe, kaurin yatsa biyu, ki rufe, ki ɗora a kurfoti ko kan gas kamar minti 15 ya ɗau zafi. Ki jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin, gwangwanin gashin ya zauna a kansu, kada gindinsa ya ƙone. Wutar ƙasa kaɗan-kaɗan. Idan gawayi ne, ki ɗebi garwashi kaɗan ki baza a kan murfi, shi zai sa saman ya yi ja.

Haka mahaifiyata take gasa kek na sallah. Ana jajibere za a aike mu da kwano mu ɗebo yashi a bakin rafi, mu dawo ta tankaɗe shi kamar garin tuwo. Ta kan zauna a kan kujera 'yar tsugunno kusa da tukunyar da mafici a hannu, kuma wanda duk ya kai hannu kan murfi sai ya sha maficin a gadon baya. Mu a lokacin gani muke rowa ce. Ashe iska take tsoro, don in sanyi ya shiga kafin kwaɓin ya kama jikinsa, tsakiyar ce ke lotsawa. Ke ma, in dogon gwangwani ne, kada ki buɗe sai an yi rabin awa.

Ga awon, da gwangwanin madarar ruwa: fulawa gwangwani 3, sukari 1, man gyaɗa kashi uku cikin huɗu na gwangwani, ƙwai 2, ayaba manya 3, bekin soda cokalin shayi 1 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ki dame ayabar, ki zuba mai da sukari da ƙwai ki juya. Ki tankaɗe fulawa da soda da gishiri a kai, ki juya a hankali, da kin daina ganin farin gari ki tsaya, ko da 'yan gudaji. Ki shafa wa gwangwani mai, ki barbaɗa fulawa, kada ki cika shi ya wuce kashi biyu cikin uku. Dogon gwangwanin burodi yana cin minti 50 zuwa awa ɗaya, ƙanana kuma minti 20 zuwa 25. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ya yi.

Ki yi sau biyar ko shida a haka. Idan kin ga hannunki ya faɗa, har maƙwabta sun fara aiko yara da kuɗi, to sannan a yi maganar oben, kuma ni na gas zan ce. Ƙaramin oben na lantarki yakan ja wuta sama da wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, in kuma aka ɗauke wuta kina tsakiyar gashi, ƙwanki da fulawarki sun tafi. Duk wanda kika saya, digiri 180 ne awon wannan burodin.

Tambaya: Hajiya, wace ayaba zan saya? Kuma agada tana yi? Daga maman 'yan biyu, Kano.

Wadda mai tebur yake neman kai da ita. Wadda ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigo ko ya yi baƙi, ta yi laushi, da yamma yana shirin zubarwa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi zaƙi, don yayin da ayaba ke nuna sitacin cikinta ne yake komawa sukari. Tunda a Kano kike, in hanya ta bi da ke kasuwar 'Yan Lemo a Na'ibawa, inda motocin kudu ke sauke kaya, ba za ki rasa irinta ba. Ki dai ɓare ɗaya ki duba. Baƙin ɓawo ba komai ba ne, amma in ta yi fumfuna, ko tana tsiyayar ruwa da warin tsami, ki bar masa abarsa.

Idan tsanwa kika samu, ki sa ta a jakar takarda tare da tumatir nunanne. Dukansu suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke gaggauta nuna. Idan kuma ta nuna ba ki shirya ba, ki ɓare ki sa a firiza.

Agada tana yi, in ta yi baƙi ƙirin. Ta fi nauyi, ba ta kai ayaba ruwa ba, sai ki ƙara cokali uku na madara ko kindirmo.

Tambaya: Anti, nawa ya fito da ɗaci da bauri kamar sabulu. Mai shago ya ce soda da bakar hoda duk abu ɗaya ne. Kakata kuma ta ce in sa kanwa. Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

'Yata, mai shago ya sayar miki da abin da ke gabansa ne. Ba ɗaya ba ne. Bekin soda ita kaɗai ce, sai ta gamu da abu mai tsami take tashi, shi ya sa cokali biyu na kindirmo ke yi wa kwaɓin kyau. Bakar hoda (wadda fara ce sol, sunan ne kawai ya lanƙwashe a bakinmu) soda ce da aka riga aka haɗa da tsaminta da ɗan sitaci. Soda ta ninka ta ƙarfi wajen sau uku. Ina kyautata zaton kin auna soda da awon hoda, ko kin tula cokalin ya yi tozo, daga nan sabulun ya fito. In hoda kaɗai gare ki, ki sa cokalin shayi biyu da rabi, sai dai burodin zai fi haske.

Ki sayi ƙaramin mazubi a rufe, ki guji wadda ake ƙullawa a leda ba suna, don danshin damina yana kashe ta. Gwajin ba wuya: soda ki ɗiga mata lemon tsami, hoda ki zuba mata ruwan zafi. Wadda ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Kaka ba ta yi ɓatan kai ba, kanwa da soda dangi ne. Amma ƙarfin kanwa ba shi da awo, wannan dunƙule daban, wancan daban, ga ƙasa a ciki. A bar ta a ɗanwake da miyar kuka inda ta saba.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne. Marigayiya mahaifiyata tana yi mana wani kek da ayaba a gwangwanin madara. Maiɗakina ta gwada sau uku, yana daɗi, amma ba shi ba ne. Na sayo bota mai tsada, bai canza ba. Me zan saya? Daga wani ma'aikaci, Legas.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Malam, na daɗe a kan saƙonka.

Bota mai tsada ba ita ba ce, don da wuya a ce ita tsohuwa ta yi amfani da ita. Iyayenmu mata da abin da ke madafi suke aiki: man gyaɗa na ƙuli, wanda ƙamshin suyar gyaɗa bai fita daga jikinsa ba, ko man shanu da aka soya. Man da ke cikin jarkokin kanti an tace shi har ba ya ƙamshin komai. Ka nemi na ƙuli wajen 'yan Arewa a Agege ko Mile 12, a gwada da shi. In ba shi ba ne, a raba, rabi man gyaɗa rabi man shanu, amma wanda ba a soya da albasa ba. Sannan ka tuna ko akwai ɗan yaji-yaji a bayan harshe. In akwai, gyaɗar ƙamshi ce, ko kirfa, ko citta. Tsunkule ɗaya, ba cokali ba.

Sai gwangwanin kansa. Ƙaramin mazubi yana ba da ɓawo da yawa, ciki kaɗan, kuma gawayi yana ɗan ƙona gindin ya bar masa hayaƙi. Oben ba ya yin wannan. Mu a gidanmu waɗanda suka ƙone su ne rabon yara, masu kyau na baƙi ne, har yau in na ci kek da bai ƙone ba sai in ji kamar na wani na ɗauka. Ina jin kai ma ƙonannen kake nema. A bi hanyar yashi da na faɗa wa amarya a sama, amma a sayi ƙananan gwangwanayen gashi na alminiyam, don gwangwanayen abinci na yanzu da yawa akwai shafen roba a cikinsu wanda ba don wuta aka yi shi ba.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa a kasuwa. Ka ci wancan kek ɗin ne kana ɗan shekara bakwai ko takwas, da yunwar dawowa daga makarantar allo, daga hannun da ka fi so a duniya, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu ayaba ma tsaraba ce. Sai Baba ya dawo daga tafiya da mulmulen burodi da nonon ayaba daga tasha, a tsaga burodin a cusa rabin ayaba a ciki, kowa ya ja gefe yana ci yana leƙen na ɗan'uwansa. Na haɗa wannan da hannuna ba sau ɗaya ba bayan na girma, burodi da ayaba kawai nake ji.

Saboda haka ka daina cewa maiɗakinka "ba shi ba ne". Sau uku ta tsaya a kan wuta saboda kai. Ranar Asabar ka sayo gawayin da kanka, ka zauna ka riƙe mata mafici, yara su lashe kwanon kwaɓi. In ya huce a naɗe a leda, kwana biyu yake yi a waje a zafin Legas, in zai wuce haka a sa a firij.